Sharhi: Ciwon fargaba, cutar da ake yi wa maganin taifot a Najeriya

Tun a watan Janairun 2023 ne Najeriya ta samu sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, amma har yanzu akasarin masu fama da ciwon fargaba, wanda ya fi kowace larurar ƙwaƙwalwa yawa a duniya, ba su san sunan abin da ke damunsu ba, balle su samu maganinsa.

Dokar, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, wadda ita kuma ta samo asali daga wata doka ta Turawan mulkin mallaka ta 1916. Tsohuwar dokar ba ta san komai game da mai larurar ƙwaƙwalwa ba illa a tsare shi. Sabuwar kuwa ta tanadi a kafa sashe na musamman a ma'aikatar lafiya ta tarayya, da asusun kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, ta kuma kare haƙƙin majinyaci.

An kwashe kimanin shekaru 20 ana kai-komo da ƙudurin a majalisar dokoki, tun daga 2003, kafin ya zama doka.

To sai dai mai ciwon fargaba ba ya cikin waɗanda jama'a ke kira masu taɓin hankali. Ba ya yawo a bola, ba ya duka, ba ya sambatu. Yana zuwa kasuwa ko ofis, yana halartar sallar jam'i, ana gaisawa da shi lafiya lau. Wannan ne ya sa ba kasafai ake lura da shi ba, kuma a nan ne za a gane ko dokar za ta yi wa talaka wani amfani.

Girman matsalar

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2019 mutane miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba a faɗin duniya, miliyan 58 daga cikinsu yara ne da matasa. Hukumar ta ce kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun wani magani. A 2022 kuma ta bayyana cewa a shekarar farko ta annobar korona, yawan masu fama da fargaba da tsananin damuwa ya ƙaru da kashi 25 cikin ɗari.

Ciwon ya fi kama mata a kan maza, kuma sau da yawa yakan fara ne tun daga ƙuruciya ko lokacin balaga.

A Najeriya, binciken da aka fi dogaro da shi shi ne wanda Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta, aka wallafa a 2006. An yi wa mutane kusan 5,000 tambayoyi a yankin Yarabawa, aka gano cewa kimanin kashi 12 cikin ɗari sun taɓa fama da wata larurar ƙwaƙwalwa a rayuwarsu, kuma ciwon fargaba ne ya fi yawa. Daga cikin waɗanda larurar tasu ta yi tsanani, ƙasa da ɗaya cikin goma ne suka samu wata kulawa a shekarar da ta gabaci binciken.

An yi wannan bincike ne kafin rikicin Boko Haram, wanda ya ɓarke a 2009 ya kuma raba mutane fiye da miliyan biyu da muhallansu, kuma kafin garkuwa da mutane don neman kuɗin fansa ta zama ruwan dare a jihohin Zamfara da Katsina da Kaduna da Sakkwato da Neja.

Tsoro da ciwon tsoro

Tsoro halitta ce, kuma yana da amfani. Shi ke sa zuciya ta ƙara bugawa, numfashi ya yi sauri, jiki ya ɗau harama domin gudu ko kare kai. Manomin da gabansa ke faɗuwa idan zai je gona a yankin da 'yan bindiga ke yawo ba shi da wani ciwo. Haka ma uwar da ta kasa barci saboda 'yarta na makarantar kwana, bayan abin da ya faru a Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Jangebe a 2021.

Likitoci na kiran abin ciwo ne idan fargabar ta wuce girman abin da ake tsoro, ta ƙi tafiya bayan haɗarin ya gushe, mutum ya kasa shawo kanta, sannan ta fara hana shi aiki ko karatu ko zaman iyali. Hausawa kan ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ciwon fargaba shi ne mutum ya wayi gari yana ganin maciji a kowane tsumma, har ya daina fita daga ɗaki.

Ciwon ya kasu kashi-kashi. Akwai fargabar da ba ta da takamaiman dalili, inda mutum zai yini yana zullumin lafiyarsa da kuɗinsa da 'ya'yansa, in ya gama da wannan ya kama wancan, na tsawon watanni shida ko fiye. Akwai firgicin da ke zuwa farat ɗaya: zuciya ta yi ta dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, gumi ya karyo, hannuwa su yi sanyi, mutum ya tabbatar wa kansa cewa ajali ne ya zo. Irin wannan yakan kai ƙololuwa cikin kimanin minti goma sannan ya lafa. Akwai tsoron shiga jama'a, wanda ya wuce kunya ko kawaici, domin yana hana ɗalibi amsa tambaya a aji, ya hana magidanci zuwa ɗaurin aure. Akwai kuma tsananin tsoron wani abu guda, kamar allura ko hawa mota ko duhu.

Larurar da kan biyo bayan ganin tashin hankali, kamar hari ko garkuwa, likitoci sun ware ta daban, kodayake tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ciwon fargaba.

Jiki ne ke kai ƙara

Babbar matsalar gano wannan ciwo ita ce, da wuya majinyaci ya zo asibiti ya ce yana jin tsoro. Abin da zai faɗa shi ne faɗuwar gaba, ko zafi a tsakiyar kai, ko ciwon ƙirji, ko jiri, ko kumburin ciki, ko rashin barci, ko kuma jin kamar wani abu na yi masa tafiya a cikin jiki. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya sun daɗe da rubuta irin waɗannan alamomi a matsayin hanyar da fargaba da damuwa ke bayyana a tsakanin majinyatansu.

A asibitin da likita ɗaya zai ga mutane da dama kafin azahar, ba a samun lokacin tambayar abin da ke cikin zuciya. Sai a tura mutum gwajin jini. Gwajin taifot da aka fi yi a ƙananan ɗakunan gwaji kuwa an san shi da nuna cutar ko da babu ita. Daga nan sai a rubuta maganin taifot da na zazzaɓin cizon sauro, a yi ƙarin ruwa, mutum ya ɗan ji dama-dama na kwana biyu, abin ya dawo. Gobe a ce gyambon ciki ne, jibi a ce hawan jini. Ana magani kai na kaba.

Alhali kuwa gano ciwon ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada. Abin da yake buƙata shi ne tambaya da saurare. Akwai wata takardar tambayoyi bakwai da wasu masana a Amurka suka fitar a 2006, wadda ake cikewa cikin 'yan mintoci. Makinta na kamawa daga 0 zuwa 21, kuma wanda ya samu 10 ko fiye ana so a zurfafa bincike a kansa. Takardar ba ta yanke hukunci, tana dai nuna wa ma'aikacin lafiya inda zai duba. A 2023 kwamitin ƙwararru da ke ba da shawara kan rigakafi a Amurka ya nemi a riƙa yi wa duk baligin da bai kai shekara 65 ba irin wannan tantancewa a asibitoci.

Wajibi ne kuma likita ya tabbatar ba wata cuta ce ta jiki ke kwaikwayon fargaba ba. Ciwon zuciya, da asma, da ƙarancin jini, da faɗuwar sukari, da cutar maƙoƙo mai sa jiki rawa da rama, duk suna iya zuwa da alamomi iri ɗaya. Yawan cin goro da shan shayi mai kauri da lemon ƙarin kuzari ma na tayar da bugun zuciya. Don haka ciwon ƙirji na farko abin kai wa asibiti ne da gaggawa, ba abin da mutum zai yanke wa kansa hukunci a gida ba.

Magani ta hanyar tattaunawa

Ciwon fargaba na daga cikin larurorin ƙwaƙwalwa da suka fi jin magani, kuma hanyoyin biyu ne.

Ta farko ita ce jinya ta hanyar tattaunawa da ƙwararre. Wadda aka fi tabbatar da ingancinta ita ce ta gyaran tunani da ɗabi'a, wadda wani likita Ba'amurke, Aaron Beck, ya assasa a shekarun 1960. Ta sha bamban da nasiha ko ba da haƙuri. Ana koya wa majinyaci ya kama tunanin da ke tayar masa da hankali, ya auna shi da hujja, ya ga sau nawa abin da ya ji tsoro ya taɓa faruwa. Ana koya masa sarrafa numfashi da sassauta jiki. Sannan a bi da shi sannu a hankali ya tunkari abin da yake gudu: mai tsoron kasuwa ya fara da tsayawa a bakinta, gobe ya shiga layi ɗaya, har ya saba.

Dalili shi ne, gudun abin tsoro na kawo sauƙi nan take, amma yana ƙara wa tsoron ƙarfi. A Birtaniya, ƙa'idar da hukumomin lafiya suka shimfiɗa ita ce zama 12 zuwa 15, sau ɗaya a mako, na awa guda.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a tarihin Musulmi. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934 miladiyya, ya ware wani sashe na littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus ga lafiyar rai, inda ya yi bayani a kan tsoro da firgici da baƙin ciki da waswasi, ya kuma ba da shawarar a yaƙi mummunan tunani da kyakkyawan tunanin da aka tanada tun ana cikin natsuwa.

Ƙwayar da ta dace da wadda ba ta dace ba

Hanya ta biyu ita ce ƙwayoyi. Waɗanda likitoci ke farawa da su su ne masu daidaita sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa, irin su fuloksetin da satralin, waɗanda kuma ake bai wa masu tsananin damuwa. Ba sa bugarwa, ba sa sa mutum ya riƙa ƙishirwarsu. Sai dai suna da sharuɗɗa. Sukan ɗauki makonni biyu zuwa shida kafin a ga amfaninsu, kuma a kwanakin farko fargabar na iya ƙaruwa, tare da tashin zuciya ko ciwon kai. Ana ci gaba da shansu watanni shida zuwa shekara bayan an samu sauƙi, kuma ba a yanke su rana ɗaya. Matasa 'yan ƙasa da shekara 25 na buƙatar sa ido sosai a farkon shan maganin. Mai juna biyu da mai shayarwa kuma sai da shawarar likita.

Majinyacin da ba a yi wa wannan bayani ba, idan ya sha kwana biyar bai ga canji ba, sai ya watsar.

Abin da ya fi sauƙin samu a kemis shi ne rukunin magungunan kwantar da hankali irin su Valium da Lexotan. Waɗannan suna aiki cikin ƙasa da awa guda, abin da ya sa mai fargaba ke ganin ya samu waraka. Amma cikin 'yan makonni jiki ke sabawa da su, ya nemi ƙari, kuma ranar da aka daina fargabar kan dawo fiye da da, wani lokaci har da jijjiga. Haɗa su da tiramadol ko kodin na iya tsayar da numfashi. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

A 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta tsaurara gargaɗin da ke jikin kwalayen waɗannan magunguna. A 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, a sabon jagoran da ta fitar wa ƙananan asibitoci, ta ƙara babi na musamman a kan ciwon fargaba, inda ta ba da shawarar jinyar tattaunawa da magungunan serotonin, ta kuma ce kada a ɗauki su Valium a matsayin maganin wannan ciwo.

Batun na da alaƙa da shaye-shayen da ya addabi arewacin Najeriya. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da gwamnatin Najeriya, na shekarar 2018, ya ƙiyasta cewa mutane miliyan 14.3 ne suka yi amfani da miyagun ƙwayoyi a shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A shekarar ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Ba kowane mai shaye-shaye ne ya fara don nishaɗi ba. Akwai waɗanda barci suke nema, ko abin da zai tsayar musu da faɗuwar gaba.

Tsakanin malam da likita

A ƙasar Hausa, wanda ke firgita cikin dare ko yake jin kamar ana shaƙe shi, da wuya asibiti ya zama zangonsa na farko. Dangi kan fara tunanin iska ko sammu ko kambun baka, a nemi ruƙiyya da tofi da hayaƙi. Wasu kuma sukan ce raunin imani ne ko ƙarancin tawakkali, maganar da ke sa majinyaci ya ƙara ɓoye halin da yake ciki, domin yanzu ga ciwo ga zargi.

Addu'a da zikiri na sanyaya zuciyar mumini, kuma likitoci ba su da dalilin hana su. Haɗarin shi ne a tsaya a nan shekara da shekaru, ko a faɗa hannun masu damfara. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun kuɓutar da mutane fiye da 300 daga wani gidan mari a unguwar Rigasa da ke Kaduna, da yawansu cikin sarƙa, kuma an bankaɗo wasu irinsa a Katsina da wasu garuruwa a makonnin da suka biyo baya. Iyaye da dama sun kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare ne saboda ba su san wani wurin ba.

Akwai shaidar cewa haɗin gwiwa na yiwuwa. Wani bincike da Farfesa Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda mujallar Lancet ta wallafa a 2020, ya nuna cewa masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi idan ma'aikatan lafiya suka yi aiki tare da masu maganin gargajiya da na addini. Kodayake binciken bai shafi ciwon fargaba kai-tsaye ba, darasinsa a fili yake: limamin da ya san alamomin ciwon zai iya yi wa mutum addu'a, ya kuma ce masa ya je asibiti.

Likitoci nawa ne?

Ko da kowa ya yarda ya je asibiti, wa zai gani? Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha nanata cewa mambobinta da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma wasu na ci gaba da ficewa zuwa Birtaniya da Kanada da Saudiyya. Masana halayyar ɗan Adam da suka ƙware a jinyar tattaunawa su ma ƙalilan ne, kuma akasarinsu na manyan birane.

A arewa, asibitocin ƙwaƙwalwa da aka sani su ne na Barnawa a Kaduna, da Maiduguri, da Kware a jihar Sakkwato, da Dawanau a Kano, sai sassan da ke asibitocin koyarwa. Matar da ke wani ƙauye a Jigawa ko Kebbi za ta biya kuɗin mota da na kati da na magani, sannan ta jure a ce an gan ta a asibitin mahaukata, maganar da ka iya shafar aurenta ko na 'ya'yanta.

Ga kuma tsada. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata yake fitowa, kuma farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabi bayan faɗuwar darajar naira a 2023. Alƙawarin da shugabannin Afirka suka yi a Abuja a 2001, na ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba.

Mafita na kusa da gida

Babu yadda za a yi likitoci 300 su ga miliyoyin mutane. Abin da wasu ƙasashe suka yi shi ne sauke aikin zuwa hannun waɗanda ke kusa da jama'a.

A Zimbabwe, Dokta Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, suna tattaunawa da masu damuwa har sau shida. Sakamakon gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa bayan watanni shida, kimanin kashi 12 cikin ɗari na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da sauran alamomin fargaba, idan aka kwatanta da kusan rabin waɗanda ba su zauna ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da wani tsari na zama biyar, wanda aka gwada a Peshawar da ke Pakistan da kuma Nairobi, kuma wanda ba likita ba zai iya koyonsa.

Najeriya ba baƙuwa ba ce ga wannan tunani. Tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara jinyar masu larurar ƙwaƙwalwa a cikin ƙauyukan da ke kewaye da Aro a Abeokuta, tare da danginsu, tsarin da ya yi suna a duniya. A 1991 kuma ƙasar ta ayyana lafiyar ƙwaƙwalwa a matsayin ɓangare na kiwon lafiya a matakin farko. Fiye da shekaru 30 bayan haka, asibitocin sha-ka-tafi ƙalilan ne ke da ma'aikacin da aka horar a kan haka, ko maganin da zai bayar.

Ta fuskar tattalin arziki ma lissafin a bayyane yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fargaba da tsananin damuwa na jawo wa duniya asarar dala tiriliyan ɗaya a kowace shekara, kuma duk dala ɗaya da aka kashe wajen maganinsu na dawo da dala huɗu.

Tun da yake kananan asibitoci na hannun jihohi da ƙananan hukumomi ne, nasarar dokar 2023 ta rataya ne a wuyan gwamnoni kamar yadda ta rataya a wuyan Abuja. Abin jira a gani shi ne ko za a horar da ma'aikatan jinya da ungozomomi su riƙa yin tambayoyin nan bakwai, a sa magungunan da suka dace cikin inshorar lafiya, a kuma hana sayar da su Valium ba tare da takardar likita ba. Kafin nan, mai faɗuwar gaba zai ci gaba da zarya tsakanin ɗakin gwaji da kemis, yana biyan kuɗin maganin taifot ɗin da ba shi da ita.